Rauta da Suwici: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Sayen Na'urorin Rarraba Intanet a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Kamar yadda jama'a suka sani, tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, harkar sadarwa take ta bunƙasa, har ta kai ga a yau al'amuran yau da kullum da dama ba sa tafiya sai da ita. Mai sana'ar POS a kasuwar Maƙarfi, da manomin tumatir a Ikara da ke son jin farashin kwando a Legas kafin ya yi lodi, da ɗalibi a Hunkuyi da zai yi rajistar jarrabawar JAMB, wadda aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta tun shekarar 2015, duk suna dogara ne da wasu na'urori da ba su taɓa gani ba. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙai, wato rauta da suwici.

Dalilinmu na kawo wannan bayani shi ne, a halin da ake ciki sayen waɗannan na'urori ya daina zama aikin manyan kamfanoni kaɗai. Sakatariyar ƙaramar hukuma na saya, asibiti da makaranta na saya, haka kuma akwai matasa masu sha'awar kafa ɗan ƙaramin kamfani da zai riƙa sayo intanet a dunƙule yana sayar wa gidaje da shaguna. Jami'in da zai sa hannu a takardar kwangila ba lallai ne ya zama injiniya ba, amma ya wajaba ya san tambayoyin da zai yi, domin kuwa na'ura mai tsada da ba ta dace da wurin da aka kafa ta ba, ko wadda ba a saita ta daidai ba, ba ta da bambanci da tarakta marar taya. Kuɗin jama'a ne aka kashe, jama'a ne kuma za su zauna ba sabis.

Bambancin rauta da suwici

Duk saƙon da ya bar waya ko kwamfuta, na rubutu ne ko murya ko hoto, ana yayyanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Aikin na'urorin nan biyu shi ne duba adireshin su tura ƙullin gaba, sai dai kowacce da irin adireshin da take karantawa.

Suwici tamkar mai unguwa yake. Ya san kowane gida a unguwarsa, in baƙo ya zo da saƙo sai ya nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, amma huruminsa ya tsaya a iyakar unguwar. Yana aiki ne da lambar da masana'anta ta buga wa kowace na'ura tun daga tushe, kuma darajarsa tana ga yawan kafofin da ake soka waya a jikinsa, galibi 8 ko 24 ko 48, da saurin kowace kafa. Ita kuwa rauta sarkin tasha ce. Ba ruwanta da sanin gidajen kowane gari, abin da ta sani shi ne wannan kaya na Kano ne, wancan na Kaduna, kuma in hanyar Zariya ta toshe ta san wata. Tana aiki ne da adireshin intanet da ake kira IP, tana riƙe da kundin hanyoyi, ita ce kuma ke tsayawa a kan iyaka tsakanin cibiya da sauran duniya.

Wannan bambanci yana da tasiri kan aljihu. Cibiyar jarrabawa mai kwamfuta 250 tana buƙatar aƙalla suwici shida masu kafa 48, amma rauta ɗaya mai matsakaicin ƙarfi ta wadace ta. Idan ɗan kwangila ya kawo lissafin da ya juya wannan tsari, akwai abin tambaya. Bugu da ƙari, ƙaramar na'urar nan mai eriya da ake sayarwa a kasuwa da sunan rauta, wadda ake sa wa layin waya a ajiye a falo, an haɗa mata ayyukan rauta da suwici da rediyo ne a ƙaramin mizani domin gida ɗaya. Ba a ƙera ta domin ɗaukar nauyin unguwa ba, balle gari.

Kowace na'ura da matsayinta

Saƙon da ya tashi daga Paki ko Gubuchi ko Likoro yana fara isa ne ga turken sadarwa mafi kusa, daga nan ya bi ta rediyo ko ta wayar gilashi da ake kira faiba zuwa wata matattara, daga matattarar ya shiga manyan layukan da ke bin manyan tituna zuwa birane. In saƙon na ƙasar waje ne sai ya kai Legas, ya shiga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a shekarar 2010, da Equiano da ta iso gaɓar Legas a shekarar 2022. Masana kan kasa wannan tafiya zango uku: bakin masu amfani, matattara, da kuma tsakiyar cibiya inda ake haɗuwa da sauran kamfanoni.

A zangon farko yawan kafofi da juriya ake nema. Ya kamata a tuna cewa wayar tagulla ta kwamfuta ba ta wuce mita 100, kome kyawunta. Saboda haka haɗa sakatariya da asibitin da ke ɗaya gefen gari aikin faiba ne ko rediyo, kuma suwicin da za a saya dole ya kasance yana da kafar da ke karɓar faiba. Ana sayar da 'yan kawunan da ake soka wa wannan kafa gwargwadon nisan da za su harba haske, akwai na kilomita 10, da 20, da 40, har da 80, kuma sai na kowane ɓangare ya dace da ɗan'uwansa. Inda za a ɗora rediyo a saman turke, an fi son suwici mai tura wutar lantarki ta cikin wayar saƙon kanta, domin a huta da jan waya biyu. Wanda kuma yake son kai faiba gida-gida a cikin garin Ikara ko Maƙarfi, akwai tsarin GPON, inda zare ɗaya mai ɗaukar kimanin megabit 2,500 a daƙiƙa ake rarraba shi ga gidaje 64 ko fiye, a tazarar da ba ta wuce kilomita 20 ba, ba tare da buƙatar lantarki a tsakanin hanya ba.

A tsakiyar cibiya kuwa ƙarfin rauta ne abin dubawa, kuma a nan ne aka fi ruɗar mai saye. Takardar talla za ta nuna cewa na'urar tana wuce da megabit dubu kaza, amma an auna hakan ne da manyan ƙulle-ƙulle, kuma ba tare da an ɗora mata wani aiki ba. Mai lodin rake ya san cewa ɗaga dami ɗari ya fi sauƙi a kan tsintar kara ɗaya-ɗaya, ko da nauyin ɗaya ne. Haka rauta take: kiran murya da cinikin POS ƙananan ƙulle-ƙulle ne masu yawan gaske, kuma da zarar an umarce ta da ta riƙa tantance kowane mai amfani, tana auna masa rabonsa, tana tace masu kutse, sai saurinta ya ragu ƙwarai. Don haka tambayar da ta dace ita ce: mutum nawa za ta ɗauka a lokaci guda, alhali duk waɗannan ayyuka suna kunne? A nemi amsar a rubuce.

Akwai kuma batun girman kundin hanyoyi. Kamfanin da ke sayen intanet daga wuri ɗaya ba ya buƙatar sanin hanyoyin duniya, umarni ɗaya ya ishi rautarsa: duk abin da ba na gida ba ne a miƙa shi sama. Amma wanda ya haɗu da kamfanoni biyu ko uku, yake kuma son zaɓar hanya da kansa, rautarsa za ta iya karɓar cikakken kundin intanet, wanda a yanzu ya kai kimanin hanyoyi miliyan ɗaya. A watan Agusta na 2014, lokacin da kundin ya haura dubu 512, tsofaffin rautoci da dama a duniya sun rikice saboda ma'ajiyarsu ta cika. Wannan darasi ne ga masu sayen na hannu da ake shigowa da su da araha. A ganinmu, ƙaramin kamfani a yankinmu bai kamata ya kashe kuɗi kan rauta mai wannan girma ba tun daga farko, kamar yadda bai kamata babba ya yi tsumulmula a kanta ba.

Dangane da sunan masana'anta, ba mu da abin cewa mai yawa. Manyan kamfanonin sadarwa sun fi amfani da Cisco da Juniper da Huawei da Nokia, ƙanana kuma sun fi karkata ga MikroTik ta ƙasar Latbiya da Ubiquiti ta Amurka saboda sauƙin farashi. Kowacce tana aiki. Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne ko akwai wanda ya iya sarrafa ta a Zariya ko Kano, ko ana samun kayan gyaranta, da kuma ko masana'antar tana ci gaba da sabunta manhajarta. Wasu na'urorin kuma suna da lasisin da ake biya duk shekara da dalar Amurka, abin da sau da yawa ba ya fitowa a lissafin farko.

Wuta, zafi, ƙura da tsawa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar karkara, shi ne kuma aka fi mantawa da shi a takardun kwangila. Na'urorin ofis da yawa an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A watannin Maris da Afrilu iskar waje kanta tana kusantar haka a arewacin Jihar Kaduna, ina ga cikin akwatin ƙarfe da rana ta buga tun hantsi. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankar na'ura, ta yi zafi ta mutu a tsakiyar sanyi. Saboda haka duk abin da za a kafa a gindin turke ya kamata ya kasance irin wanda aka ƙera domin waje, marar fanka in da hali, a cikin akwati mai inuwa da matatar iska da ake wankewa.

Lantarki kuwa sai an yi masa lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce rauta da suwici da rediyo huɗu suna jan wat 80 gaba ɗaya. A awa 24 sun ci kusan kilowat biyu na awa. Idan ana son su jure kwana biyu na hadarin watan Agusta ba tare da rana ba, ana buƙatar ajiyar kilowat huɗu, in kuwa batir irin na dalma ne, wanda ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, sai an ninka. Wanda ya kawo faifan sola ɗaya da batir ɗaya ya ce sun isa, a nemi ya yi wannan lissafi a gaban kwamiti. Har ila yau, an fi samun sauƙi idan na'urorin suna karɓar wutar batir kai tsaye, mai bolt 24 ko 48 kamar yadda kamfanonin waya suke yi, domin inbata tana cin nata rabon, kuma ita ce kan fara lalacewa.

Sai tsawa. Turke shi ne abu mafi tsawo a gari, kuma ba sai tsawa ta faɗa a kansa ba, ko kusa ta sauka ƙarfinta yana bin wayar tagulla ya ƙone kafofin suwici. Maganin shi ne sandar tagulla da ake binnewa a ƙasa mai danshi a haɗa ta da turken da akwatin, da 'yan na'urorin kariya a kan kowace waya da ta sauko daga sama. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da suke karewa. Faiba tana da wata falala a nan, kasancewar gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Masu amfani da rediyo kuma su lura cewa hanyar da aka auna da rani, eriya tana hangen 'yar'uwarta tas, tana iya toshewa da damina idan mangwaro da ɗorawa suka cika ganye.

Saitin na'ura

Na'ura sabuwa daga kwali ba ta san kome ba game da cibiyar da aka kawo ta. Abu na farko shi ne sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, domin wannan kalma tana rubuce a littafin da kowa ke iya samu, tare da rufe ƙofar sarrafa ta daga waje. A shekarar 2018 an gano wata ɓaraka a manhajar MikroTik da ta ba masu kutse damar kwashe kalmomin sirri. Masana'antar ta fitar da gyara nan da nan, amma dubban na'urorin da masu su ba su sabunta ba suka faɗa hannun ɓata-gari, aka riƙa amfani da su wajen kai wa wasu hari ba da sanin masu su ba. Sabunta manhaja aiki ne na kullum, ya kamata a san wanda aka ɗora wa alhakinsa da sunansa.

Abu na biyu shi ne raba zirga-zirga. Suwici mai saiti yana iya kasa kansa gida-gida ta hanyar da ake kira VLAN, har fiye da gida dubu huɗu, ta yadda kwamfutocin sashen kuɗi na sakatariya, da na bayanan marasa lafiya, da wayoyin baƙi masu shan intanet kyauta, za su bi waya ɗaya amma ba mai ganin wani. Wannan ya ƙara zama wajibi tun da aka kafa Dokar Kare Bayanai ta shekarar 2023. Suwici mai araha wanda ba a iya saita shi ba ya yin wannan aiki, ba ya kuma iya kare kansa daga wata matsala da ta zama ruwan dare: wani ya ga waya a ƙasa ya ɗauka ya soka bakinta biyu a na'ura ɗaya, saƙonni su kama zagaye ba iyaka, cibiya ta tsaya cik cikin daƙiƙoƙi. Akwai saitin da ke gano irin wannan zagaye ya rufe kafar, a tabbatar an kunna shi.

Na uku shi ne rabo. Manoman rani a fadamun Kudan sun san abin da ke faruwa idan na kan gaba ya buɗe wa gonarsa ruwa son ransa. A ce kamfani yana da mutum 200, ya yi wa kowa alkawarin megabit 5. Jimla megabit 1,000 ke nan, amma ba ya sayen haka, domin ba duka suke amfani a lokaci guda ba, kuma wannan ba ha'inci ba ne, haka sana'ar take a ko'ina. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya kwanta da wayarsa yana kallon bidiyo. Rauta ce ke tsayar wa kowa iyakarsa, ita ce kuma ake umarta ta ba asibiti da masu cinikin POS da kiran murya fifiko a kan masu kallo. A irin wannan lokaci ya kamata a gwada aikin ɗan kwangila kafin a biya shi cikon kuɗinsa, ba da safe ba.

Adireshin IP ma yana da nasa labari. Tsohon tsarin yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishiyos ita ce ke raba su a Afirka, a yanzu kuma da ƙyar ake samun kaɗan. Saboda haka ƙananan kamfanoni kan sa mutane da yawa su raba adireshi ɗaya, aikin da ke ƙara wa rauta nauyi. Duk na'urar da za a saya a yau ya kamata ta iya aiki da sabon tsarin IPv6, wanda ba shi da wannan ƙarancin.

A mataki na sama akwai BGP, wato harshen da rautocin kamfanoni ke sanar da juna hanyoyin da suke da su. Harshe ne da aka gina kan yarda, kuskure a cikinsa kuma ba ya tsayawa a gida. A ranar 12 ga Nuwamba, 2018, wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa aka sanar da duniya hanyoyin Google ta inda bai kamata ba, saƙonnin mutane daga ƙasashe daban-daban suka karkata ta Rasha da Sin na fiye da awa ɗaya. Kamfanin ya bayyana cewa hakan ya auku ne yayin wani aikin inganta cibiyarsa. In har ƙwararru a babban kamfani za su gamu da haka, to ƙaramin kamfani ya fi cancantar ya kafa matata a rautarsa, ta yadda ba za ta sanar da kowace hanya ba face tasa.

Amfanin hanya ta biyu kuwa ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, intanet da ayyukan bankuna suka yi rauni a Nijeriya. A namu matakin abin da ya fi aukuwa shi ne magina hanya ko masu haƙa su tsinke faiba. Wurin da ba ya jure yankewa, kamar babban asibiti, ya kamata ya sami layi na biyu da ba ya bin rami ɗaya da na farko, ko na rediyo ko na tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023. Sai a saita rauta ta sauya da kanta, a kuma gwada ta hanyar zare layin farko a gaban shaidu.

Abin da doka ta tanada, da ranar karɓar aiki

Bisa Dokar Sadarwa ta shekarar 2003, sayar wa jama'a intanet yana buƙatar lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, kuma na'urorin sadarwa sai waɗanda hukumar ta amince da samfurinsu. Dokar ce kuma ta tanadi asusun USPF domin tallafa wa kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. A shekarar 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da yafe kuɗin izinin shimfiɗa faiba a gefen hanya, wanda matsayar ƙasa ta tsayar a kan naira 145 kowace mita, sannan a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. A nan hakimai da dagatai da masu unguwanni suna da rawar takawa, musamman wajen sanar da masu aikin hanya ko magudanar ruwa inda waya ta bi, da sa ido kan batura da faifan sola.

Muna jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocinsu kan ranar karɓar aiki. Kada a wadatu da ganin fitilu suna ƙyaftawa. A karɓi kalmomin sirri na kowace na'ura a cikin ambulan da aka rufe, da kwafin saitin kowacce a ajiye a wuri biyu, da taswirar da ke nuna wace waya ta tafi ina, da lambobin jikin na'urorin a shigar da su rajistar kadarori. Idan rauta ta ƙone alhali akwai kwafin saitinta, ana iya ɗora shi a kan sabuwa cikin awa ɗaya. Idan babu, sai an nemo wanda ya yi aikin tun farko, a kan farashin da ya ga dama. A kuma sanya a cikin yarjejeniya cewa za a horar da aƙalla ma'aikata biyu mazauna garin, tare da barin suwici ɗaya da kawunan faiba biyu a sito domin ko-ta-kwana.